Odile Ba Ta Dariya a Shago

Shekara arba'in Odile tana manna wa tsofaffin kujerun sarauta zinariya a unguwarmu ta Faris, amma ba ta taɓa dariya cikin shagonta ba. Fallen zinariyar ya fi ɓawon albasa rashin kauri, numfashi ɗaya sai ya tashe shi.

Mijinta Gaspard kuwa shaƙiyyi ne. Sai ta ɗauko falle zai ce, "Uwargida, ko ɗuwawun sarki bai samu gatan kujerar nan ba!"

Takan ciji leɓe ta manna abinta, ta fito titi ta ja ƙofa, ta yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye. Sannan ta leƙa ta ce, "Tsohon banza, yau ma ka sha ƙasa."

Har gobe yana gwadawa.