Shaidun da na tara wa rumbun yayana

Shekarun baya, Kebbi tana sabuwar jiha, yayana ya rasu ya bar mana abin da ban san yadda ake riƙe shi ba. Manomin albasa ne a Aliero. Duk wanda ya taɓa ajiye albasa ya san zafin buɗe rumbu a tarar rabi ta ruɓe. Shi ya yi shekaru yana gwaji har ya gano nasa ginin: a ɗora rumbun bisa duwatsu, a shimfiɗa kara da tazara, a jera tukwane masu fasasshen gindi a tsakiya, ɗaya kan ɗaya, iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Albasarsa takan kai damina lafiya lau.

Bayan sadakar arba'in labari ya iso mini cewa wani ɗan kasuwa a Jega zai yi wa ginin rajista da sunansa, duk mai son irinsa sai da izininsa. Ranar ban iya cin abinci ba. Abokina, malamin firamare, ya ce akwai lauyoyi masu sama wa mutum takardar da ke tabbatar da cewa shi ya ƙirƙiro abu. Ya haɗa ni da wani a Birnin Kebbi. Na sa rigata ta Juma'a na tafi. Burina ɗaya, sunan yayana ya shiga littafin gwamnati kafin na wancan mutumin.

Na tarar da lauyan yana shirin fita kotu. A tsaye ya saurare ni, ya ce, "Malam, ka dawo bayan mako uku da duk abin da ya shafi ginin."

Ni kuwa abin da na sani game da shari'a shi ne shaidu. Sai na ari babur na shiga ƙauyuka neman duk wanda yayana ya koya wa ginin. Na je Gehuru, na je Birnin Malam, na kai har Maiyama. A can wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni bayan gidansa. "Ga shi nan. Shi da kai nai yaz zo, shekara shida ke nan. Nic ce mi zan ba ka, yac ce in koya ma wani." Na juya baya na share ido. A raina kuwa ina cewa na samu babban shaida.

Mutum goma sha ɗaya na kwasa a bayan a-kori-kura. Muka cika ofishin, wasu a ƙasa. Lauyan ya riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, yaushe aka gina maka, wa ya gani, kai wa ka koya wa. Kowa na amsawa da alfahari, ni ina gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya ci shari'a.

Da ya gama sai ya ajiye biro. "Malam, wa ya ce ka kawo su?"

"Ranka ya daɗe, shaidu ne."

"Shaidu ne kam. Doka tana ba da takardar nan ne ga abin da yake sabo, wanda ba a riga an bayyana wa jama'a ba. Marigayi ya yi shekara shida yana bayyana shi gari gari. Ba zan iya shigar da shi ba."

Na ce, "Wato alherin da ya yi ne ya hana shi?"

Ya ce, "Haka dokar take."

Dattijon Maiyama ne ya yi gyaran murya. "To, ɗana, shi wancan na Jega fa?"

"Shi ma ba shi da hanya, Baba. In ya gwada, maganarku ce za ta tare shi." Ya rubuta bayanin kowa da sunan yayana a ciki, suka dangwala yatsa, ya buga hatimi ya miƙo mini. Ɗan kasuwar bai ƙara tada maganar ba.

Da na koma gida na gaya wa matar yayana daga bakin ƙofa, tana cikin takaba. Ta ce, "Da ka tambaye ni da na hutasshe ka. Mutumin da yaf fasa min tukwane ukku don shi nuna ma baƙi yadda a kai, shi za a ce ya ɓoye?" Ranar na fara jin dariyarta tun rasuwar, ba ta kuma daɗe ba ta koma kuka.

Har yau ina tuna maganar lauyan. Na je neman hanyar rufe abin da mai shi ya buɗe da hannunsa, ban ko tsaya na tambayi kaina ko zai so ba. Sunansa bai shiga littafin gwamnati ba. Takardar tana wurin 'yar yayana yanzu, cikin akwati. Tana ƙarama ya rasu, ba ta iya tuna fuskarsa, amma ta haddace abin da mutum goma sha ɗaya suka faɗa a kansa.