Shekarar da Maigidana Ya Fara Gyaran Famfo

Shekara ashirin da biyu muna tare da maigidana ban taɓa ganin guduma a hannunsa ba. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin takarda da biro. Idan ƙwan lantarki ya mutu a gidanmu na Unguwar Rimi, ni ke hawa kujera in canja, shi kuwa ya riƙe mini kujerar yana cewa in yi hankali. Idan abin ya fi ƙarfina sai ya ɗauki waya ya kira mai gyara.

Ciwon suga ne ya tafi da ganinsa, a hankali, idon dama da farko, na hagu bayan shekara biyu. Mun yi zaryar asibitin ido har muka haƙura. Ya ajiye aiki ya dawo gida. Yaranmu biyu sun riga sun tafi makaranta a wani gari, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Badarawa, saboda haka daga safe zuwa bayan azahar shi kaɗai nake bari da rediyonsa.

Wata rana na dawo na tarar da shi zaune a falo, rediyo a kashe. Ko gyalena ban cire ba ya ce, "Malama, kin san gidan nan ba shi da lafiya?"

Na ce, "Wane gida?"

"Wannan. Famfon kicin yana ɗiga, ɗigo goma sha huɗu na ƙirga kafin agogo ya cika minti. Ƙofar bayi tana jan ƙasa. Fankar nan akwai abin da ya kwance a wuyanta, ki saurara."

Na saurara. Ni dai fanka na ji tana juyawa. Na ce gobe zan kira mai gyaran famfo. Ya ce in bari tukuna.

Kashegari na dawo na tarar da ruwa ya fito daga kicin har bakin ƙofar falo, shi kuma yana tsaye a ciki da wando a naɗe, ya toshe bakin bututu da tafin hannu. Ya lalubo wata tsohuwar sifana ya kwance kan famfon, bai san ana fara rufe ruwa daga tanki ba. Kusan awa ɗaya yana tsaye a haka. Na rufe ruwan, na ɗauko tsintsiya. Na yi niyyar faɗa, amma da na dubi fuskarsa sai na ga ba kunya ba ce a kanta. Tunani yake yi. Ya miƙo mini wani ɗan zoben roba da ya ɓoye a aljihu ya ce, "Taɓa nan. Kin ji inda ya tsage? Wannan ɗan abin ne duk ya hana ni sukuni."

A masallacin unguwa wani ya ba shi labarin wani malamin allo a Rigachikun, makaho tun yana ɗan shekara huɗu, wanda ba ya kiran kafinta ko mai famfo gidansa. Maigidana ya ce ranar Asabar in raka shi. Gaskiya ba don raka shi kaɗai na je ba. So nake in gani da idona, don ban yarda ba.

Mun isa da hantsi. Mun tarar da malamin a zaurensa, dattijo siriri mai farin gemu, ya cire ƙyauren zauren ya kwantar a kan tabarma yana durƙushe a kansa. Bayan gaisuwa maigidana ya faɗi abin da ya kawo shi, har da labarin ambaliyar kicin. Malam ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni na farko da na yi, tulun mahaifiyata na fasa. Matso kusa, Alhaji, ba ni hannunka."

Na zauna daga gefe ina kallo. Abin da na fara lura da shi babban faranti ne mai baki, irin wanda muke zuba tuwon biki, a kusa da gwiwarsa. Duk abin da ya kwance, cikin farantin yake zuwa, kuma ba ko'ina ba: na farko a hannun dama, na biyu kusa da shi, haka har ya zagayo. Ya ce idan zai mayar sai ya bi su da baya. A tsakiyar farantin akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi da ƙusoshi suka manne a jikinsa kamar ƙudaje.

Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan fa?"

"Mayen ƙarfe ne, Hajiya, daga cikin tsohuwar lasifika na ciro shi. Ke idan ƙusa ta faɗi kya duba ki ɗauka. Ni idan ta faɗi sai tafin ƙafata ya samo ta, ko na jikokina."

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da mataji, irin na taje gemu. Ya soka ƙusa tsakanin haƙoran matajin, ya ɗora a kan katako, ya riƙe matajin ta can ƙarshe. Ya kama hannun maigidana ya bi da shi a kan komai, ƙusar, matajin, inda yatsu suke, sannan ya ba shi guduma.

"Kada ka ɗaga ta sama. Ɗora kanta a kan ƙusar tukuna, ku san juna. Yanzu ɗaga kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Sake ta."

Bugun farko ya sauka a kan matajin. Na biyu ma. Na uku ya yi wata ƙara daban, siririya, sai Malam ya ce, "Ka ji ta? Wannan ita ce. Idan ƙusa tana shiga daidai muryarta tana yin ƙasa-ƙasa. Idan ta lanƙwashe za ka ji ta dushe."

Na yi shekara da shekaru ina buga ƙusa a bangon aji, ban taɓa sanin tana da murya ba.

Tambayoyi na yi ta jerowa har maigidana ya ce, "Malama, ni na zo karatu ko ke?" Na tambayi yadda yake awo, ya nuna mini igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli taƙi ɗaya. Na tambayi yadda yake sanin kantar da ya kafa a bango ta miƙe, ya ce yana ɗora ƙwallon yara a kai, idan ta gangara ya san gefen da ya sauka. Na tambayi wuta. A nan ya ce abin da ya wuce soket ba ya taɓawa, na masu sana'ar ne. Soket kuwa, sai ya jona rediyo a jikinta ya ƙure murya, ya je ya zare fis ɗin da ke ba layin wuta. Idan rediyo ta yi shiru ya san ya kashe layin.

Da muka dawo gida na rasa babban farantina, na rasa matajina mai ruwan goro, na rasa tsohuwar jakar da nake zuwa makaranta da ita, wadda ta zama jakar kayan aiki. Famfon kicin ya gyaru a gwaji na biyu, bayan ya rufe tanki da hannunsa ya dawo ya buɗe famfon ya tabbata ba ruwa. Ƙofar bayi ta ɗauke shi kwana uku. Na daina zuwa ɗakin malamai hira bayan an tashi, sai in yi sauri in dawo gida don in tarar da shi yana aiki. Ina son kallon fuskarsa. Hannuwansa suna ƙasa suna aiki, fuskar tana sama tana fuskantar silin, baki a ɗan buɗe, kamar mai ƙoƙarin tuna wata aya.

Wata Lahadi da rana ya ce lokacin soket ɗin kicin ya yi, wadda ta daɗe tana rawa a bango idan na jona abin dafa ruwa. Ban so ba, amma na ga ya bi duk abin da Malam ya faɗa. Ya jona rediyo, ya ƙure ta ana wasan kwaikwayo, ya bi bango har lungun da fis-fis ɗin gidan suke. Na ji ƙarar zarewa, rediyo ta yi tsit. Ya dawo ya cire ta, ya durƙusa da farantinsa ya fara kwance murfin soket ɗin. Ni ina zaune a bakin ƙofar kicin ina tsince wake.

Ya cire sukuru na farko, ya cire na biyu, murfin ya zo hannunsa. Sai na ga ya tsaya cak.

"Malama, firij ɗin falo yana aiki?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ya yi. Fanka ma ta tsaya. Ni fis ɗaya na zare."

Kafin in ba shi amsa sai janaretan maƙwabtanmu ya tashi. A hankali ya janye hannuwansa ya ɗora su a kan gwiwa. Ya ce kada in matso. Ya mayar da murfin ba tare da ya taɓa waya ba, ya ɗaure sukuru ɗaya, ya sake jona rediyon. Muka zauna muna jira, ni da wake a cinya, shi da sukurdireba a hannu.

Bayan kamar rabin awa aka dawo da wuta, rediyo ta kece da surutu a tsakiyar kicin. Ashe fis ɗin ɗakin yara ya zare, ba na kicin ba. Ɗauke wuta aka yi daidai lokacin da ya ja hannunsa.

Na ture waken gefe. Na ce masa daga yau ya gama da wuta, ko in kwashe jakar in jefa a rijiya. Bai musa ba. Ya ce in kira masa Malam a waya. Da ya gama ba shi labari, Malam ya ce, "Laifina ne, Alhaji, rabin karatu na ba ka. Idan ka zare ta yi shiru, mayar ka ji ta dawo, ka sake zarewa. Sau biyu. Kuma a garin nan, kashe wutar gidan gaba ɗaya, don wutar da aka ɗauke ba ta sallama idan za ta dawo." Ya ƙara da cewa a ba ni wayar, ya ba ni haƙuri.

Sati biyu ban bar shi ya kusanci soket ba. Daga baya muka kira mai gyaran wuta ya bi layukan gidan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na manna maɓallan riga a ƙarƙashin kowane fis: ɗaya na falo, biyu na kicin, uku na ɗakuna. Soket ɗin kicin shi ya ƙarasa ta, da babban makashin wutar gidan a kashe, mai gyaran yana tsaye a kansa ya harɗe hannu yana kallo kamar yadda nake yi.

Bara, bayan damina ta ɗauke, tankinmu ya fara ƙarewa da wuri. Maigidana ya ce akwai inda bututu ya fashe a ƙarƙashin simintin tsakar gida. Da safe kafin unguwa ta cika da hayaniya ya fito da doguwar sukurdireba, yana dasa bakinta a ƙasa yana manna kunne a ƙotar, taki ɗaya ya sake dasawa. Kusa da bishiyar gwaiba ya kira ni ya ce in sa kunne. Na durƙusa. Da farko bugun jinina kawai nake ji. Can sai na ji shi, wani siririn huci kamar na tukunyar da ta kusa tafasa a gidan maƙwabta. Na daɗe ban ɗago ba.

Ya aza dutse a wurin. Mai gyaran famfo ya zo ya fasa simintin, ƙasa ta fito a bushe. Ya ci gaba da haƙa ta gefen gwaibar, sai da ya yi kamu ɗaya da rabi sannan ya iske laka da bututun da ya tsage. Ya ce ai Alhaji ya yi ƙoƙari, shi da sai ya fasa rabin tsakar gidan. Maigidana bai karɓi yabon ba. Ya sa aka kai hannunsa cikin ramin, ya shafa bututun, ya shafa saiwar gwaibar da ta bi ta kansa, ya tambayi mutumin ko saiwa tana ɗaukar ƙara ta kai wani wuri. Mutumin ya ce shi dai bai sani ba. Ya tambaye ni, na ce ni ma haka. Ya roƙi a bar ramin a buɗe zuwa jibi, yana so ya sake saurare.