Mazarin Iya Zinariya

A zamanin Turawa, Atika mai koko ce a Gubuchi. Da gigin tsufa ya kama mahaifiyarta, Iya Zinariya, har ta riƙa ɓacewa cikin gonakin rake, sai dangi suka kai ta gidan Malam Jumare a Ikara, inda ake ajiye masu irin wannan lalura. Atika ta kife tukunyarta ta bi ta.

Ƙa'idar gidan, duk mai yawo a sa masa mari a ƙafa. Ranar da maƙeri ya zo, Atika ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, a yi mini haƙuri na yau. Matar da ta goya ni ba za ta sa ƙarfe ba ina numfashi."

"In ta faɗa rijiya fa, 'yar nan?"

Atika ta aro mazari da alli, ta ɗora wa uwar auduga a cinya. Iya ta manta sunan 'yarta, amma yatsunta ba su manta kaɗi ba. Ta zauna tana murza mazari har magariba, tana mitar ba a gurje audugar da kyau ba.

Malam ya sallami maƙeri. Atika ta tare a gidan, kullum tana gurzar auduga, har Allah ya karɓi ran Iya.