Guzurin Tafiyar Awa Ɗaya

A shekarata ta uku a jami'a a Madina, wajen ƙarshen shekarun saba'in, cikina ya yi wa shinkafar ɗalibai tawaye. Sai na samu gidan wani dattijo a unguwar Ƙiblatain inda ake tuƙa tuwo, na maƙale musu. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, amma rabonsa da ita ya fi shekara arba'in. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Dukansu da ƙafa suka zo ƙasar nan, shi yana saurayi, ita tana 'yar yarinya a bayan iyayenta. Baba ya yi ga-ruwa, ya yi aikin dabino a Khaibar, da ƙarfi ya ƙare sai ya zauna a ƙofar gida yana gyara wa duniya zama da baki.

A shekarar ne idonsa ya soma tafiya. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma likita ya ce jijiyar ce ke bushewa, babu aikin da zai tsayar da ita.

Ni kuwa a lokacin wani buri ne ya dame ni, irin na wanda ya ƙoshi. A sakandare na yi sikawut, inda aka koya mana tafiya don tafiya kawai. Wani abokin karatuna ya ba ni labarin wani wuri arewa da Yanbu'u: a ajiye mota, a taka kamar awa ɗaya a gefen gaɓa, a hau wani ɗan tudu, sai ga Bahar Maliya shimfiɗe a gaban mutum. Har taswira ya zana mini a bayan littafin nahawu. Na ƙudura da hutun tsakiyar shekara, lokacin sanyi, sai na je.

Na kawo maganar a kan tuwo, ina ji da kaina. Inna ta ajiye ludayi ta dube ni.

"To in ka hau tudun, me ake sayarwa a can?"

"Ba komai, Inna."

"Kabarin wani bawan Allah ne?"

"A'a, kallo ne kawai."

"To wa ya kore ka?"

Ta shige ciki tana dariya har da tari. Baba bai yi dariya ba. Sai da ya tabbata ta yi nisa, sannan ya matso ya rage murya ya ce shi fa bai taɓa ganin teku ba.

Na ce, "Haba Baba! Kai da ka haye shi?"

Ya ce hayewa dai ya haye. A Sawakin, bakin ruwan Sudan, aka zuba su cikin cikin wani jirgin katako, aka rufe su da tamfol don ba su da takardu. Zazzaɓi ya kwantar da shi tun ranar farko, bai farfaɗo ba sai a bayan jaki, an yi nisa da gaɓa. Ko zuwansa Makka daga baya, duk da hanyar tana bi ta kusa da gaɓa, a tsakiyar babbar mota yake tafiya, ƙeyar mutane kawai yake gani.

"Na ji warinsa, na ji shi yana dukan katako, na amayar da hanjina saboda shi, amma ban gan shi ba. Ɗan jami'a, ka tafi da ni kafin ɗayan nan ya rufe."

Tausayinsa ya kama ni sosai, har na kasa gama tuwona, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan.

Mota ba ta zama matsala ba. Babban ɗansu yana aikin lodin kaya a filin jirgi, kuma yana da farar a-kori-kura. A Madina aka haife shi, yana jin Hausa tsaf, amma ko da wuƙa a wuya da Larabci zai amsa. Da na yi masa bayani ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗayyib, yaumal khamis." Aka tsayar da Alhamis ta sama.

Daga nan tafiyata ta fita daga hannuna. Washegari na iske Baba ya naɗa kansa madugu, ni kuma ya mai da ni ɗan rakiya. Ya karɓi taswirata ya kai ta dab da hanci, a juye, ya tambayi zango nawa ne. Na ce babu zango, awa ɗaya ce. Ya tambayi rijiya nawa ce a hanya. Na ce babu rijiya. Ya girgiza kai ya ce da irin wannan shirin ne mutane suke mutuwa.

Ya raina butar shayina mai riƙe zafi, ya sa aka nemo salka, aka jiƙa ta kwana uku. Ya sa aka yanka mana takalman taya. Aka yi kilishi, aka daka dakuwa, aka soya gero. Ya tanadi igiya, allura da zare, da kanwa ko ciki zai murɗa. Kullum bayan La'asar sai mu yi atisaye a bayan masallaci, yana riƙe da kafaɗata yana kushe tafiyata. Wai ina ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi, wai a ayarinsu ko gishiri ba za a ba ni in riƙe ba. Ni da na yi sikawut har da lambar yabo, haka na haɗiye.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ban hango ba shi ne neman gafara. A wurin mutanen da suka zo da ƙafa, ba a ɗaga sawu a yi tafiyar ƙasa sai an bi gida-gida an nemi yafiya, domin da yawa cikin waɗanda suka taso tare da su ba su iso ba. Ranar Asabar Baba ya sa farar rigarsa, ya ce in ja shi. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi.

"Zan yi tafiyar ƙasa, mun nufi bakin Bahar. Abin da na yi muku, a yafe mini."

Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma kunya ta hana ni in gyara maganar babba a gaban mutane. To me tsoho zai je yi bakin Bahar da ƙafa, da salka, yana neman gafara? Kafin mu dawo gida unguwa ta gama yanke hukunci: Baba zai koma gida ta hanyar da ya zo.

Sai saƙo ya fara sauka. Wasiƙu, kaset-kaset da aka naɗi murya ana gaida dangi ana kuka, galan-galan na Zamzam, dabino, carbi. Wata mata 'yar Damagaram ta kawo kan keken ɗinki a ba ƙanwarta. Wani tsoho ɗan Cadi ya kawo ƙullin turare ya ce a sauke masa a Abeshe, tunda ai kan hanya ce. Baba yana zaune yana karɓa yana cewa Allah Ya kai mu, ya rasa ta inda zai fito.

Inna ta san gaskiya sarai, amma wasan ya yi mata daɗi. Mata suna shigowa yi mata jaje, tana share ido da gefen mayafi, suna fita tana kwashewa da dariya. Sai da wata ta tambaye ta ko za ta bar mata turminta in ta tashi bin mijinta, sannan fuskarta ta ɗan canja.

Ranar Talata ɗansu ya dawo daga aiki a fusace. Labarin ya kai har filin jirgi, abokan aikinsa suna tambayarsa ko shi ne zai tuƙa uban nasa ya haye ruwa da a-kori-kura. Ya shigo ya ga tsibin kaya ya kai rabin zaure.

"Esh haza? Fadiha! Wallahi fadiha, ya abuya! Khalas, mafi safar!"

Ba sai an fassara wa kowa ba: abin kunya ne, kuma an fasa tafiya. Ya jefa makullin mota a aljihu ya fice.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya sunkuyar da kai kawai ya ce, "To, a bari." Na gane abin da ya ɗaure shi. Mutanen nan sun yi shekaru a hanya, wasu sun binne iyayensu a jeji. Ta yaya zai koma ƙofofinsu ya ce musu duk wannan hidima ta tafiyar awa ɗaya ce, kuma kallon ruwa za shi? Na zuba masa shayi na ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu ya damƙi iska, sai da ya lalubi tabarma sannan ya sami kofin. Mako biyu kafin nan ba ya yin haka. Haushin kaina ya ishe ni, domin da na buɗe baki tun a ƙofar farko da ba a kai nan ba.

Inna tana tsaye a bakin madafa, ta ga abin da na gani.

Ranar Laraba da la'asar ta aika aka kirawo matan unguwa, mazan ma suka biyo don jin ƙwaƙwaf. Ta tsaya a ƙofar gida ta riƙe ƙugu.

"Jama'a, Malam ba gida za shi ba. Ruwa za shi ya kalla, ya dawo ya ci tuwonsa a nan. Mai dariya ya yi yanzu, ina kallonsa."

Tsohon nan ɗan Cadi ne ya fara dariya, sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Ina leƙen Baba a zaure, na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe shi ma ya shiga. 'Yar Damagaram ta ce to kekenta fa? Inna ta nuna ni da baki ta ce ga ɗan jami'a nan, zai je gida da dogon hutu, ƙarfi gare shi, wai har lambar yabo yake da ita. Haka na gaji saƙon unguwa guda. Yadda na yi da kan keken nan a filin jirgin Kano labari ne na wata rana, kuma ba mai daɗi ba.

Da ɗanta ya dawo, ta tare shi a tsakar gida ta yi masa magana da Hausa wadda ba a sirka ta da komai ba. Ban ji duka ba. Na dai ji ƙarshen, inda ya ce, "Hadir, ya ummi," cikin ƙaramar murya, wato ya amince.

Bayan Asuba muka tashi. Inna ta shiga gaba ta zauna, wai ba don ruwa za ta ba, don kada mu bar mata kwanuka a jeji ne. Muka bi ta Badar, muka wuce Yanbu'u, muka yi Azahar a inda hanyar mota ta ƙare. Guzurin da muka sauke zai kai mutum huɗu Sudan, kuma ni aka ɗora wa.

Awa ɗayan nan sai da ta zama biyu da rabi, don madugu ya ayyana zango har sau biyu, kowanne da cin kilishi da shan ruwan salka mai warin akuya. Ruwan yana hagunmu, yana leƙowa ta tsakanin duwatsu, amma Baba ya ja rawani ya rufe gefen fuskarsa, ya kafa ido a ƙasa. Ya ce ba zai ɓata abin da ɗanɗane ba, sai ya hau sama zai duba gaba ɗaya.

Muka hau tudun rana ta karkata. A yamma ga teku, shuɗi har iyakar gani, rana tana wasa a kansa. A ɗaya gefen kuma wani fili ne na gishiri, busasshe, fari fat. Iska tana kaɗawa ta ko'ina, ruwan kuma a kwance yake, ba ya ƙara. Baba ya saki kafaɗata, ya gyara tsayuwa, ya yaye rawani, ya ɗaga kai. Filin gishirin ya fuskanta.

"Allahu Akbar! Kai, kai, kai! Dubi girma! Ashe fari ne haka? Ɗan jami'a, Allah Ya yi maka albarka."

Ni da ɗansa muka dubi juna. Ɗan ya juya baya yana murza ido da gefen hiramin kansa.

Ban taɓa ganin Inna ta taɓa mijinta a gaban mutane ba. Ranar ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta je ta kama hannun rigarsa.

"Malam, akwai ƙaya a gabanka. Matso nan."

Babu ƙaya ko ɗaya a tudun. Ta riƙa jan sa a hankali, tana juyawa yana juyawa tare da ita, yana ta zuba kabbara, har fuskarsa ta daidaita da inda rana take faɗa wa ruwa. Sai maganar ta yanke masa a tsakiya.

Ya daɗe a tsaye. Ya sa tafin hannu ya yi wa idon dama inuwa, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Ashe motsi yake yi," in ji shi, a hankali.

"Motsi yake, Malam," in ji Inna, kuma ba ta saki hannun rigar ba.