Ranar da Aka Aro Mana Malama

Warin fenti da aka sirka da kananzir ne ya tarbe mu a ƙofa ran nan. Har yau in na wuce inda ake shafa wa ƙyaure fenti sai in ganni ina 'yar shekara tara, tsaye a layi cikin yunifom da aka goge da dutsen guga na gawayi.

Makarantarmu tana Ƙaura Namoda, bayan layin dogo. Ɗakuna huɗu ne a cikin wani tsohon gida, da darbejiya a tsakar gida, da randa biyu a gindinta. Ba ta da rajista. A waccan shekarar aka yi ta faɗa a rediyo cewa duk makarantar kuɗi da ba ta yi rajista da ma'aikatar ilimi ba za a rufe ta. Mun ma ga yadda ake yi. Wata makaranta a hanyar kasuwa an zana mata jan fenti a ƙofa an sa kwaɗo, ta taga kana hango lissafin ranar ƙarshe a kan allo, babu wanda ya goge.

Da aka ce masu duba makarantu za su zo daga Gusau, sai aka shiga aro. Aka ɗauko bencina a kura daga wata Islamiyya. Aka aro taswirar duniya, da akwatin magani, da jan bokiti cike da yashi. A ƙarshe aka aro mana malama.

Wadda ke karantar da ajinmu tsohuwa ce, muna ce mata Inna Malama. Ba ta da takardar shaidar malanta. Marigayi mijinta, akawu a tashar jirgin ƙasa, shi ya koya mata boko, ita kuma ta koya wa rabin unguwarmu. Tana kwana a wani ɗan ɗaki bayan ajinmu. In tana karanta mana labari takan lumshe ido a ƙarshen layi, kamar mai ɗanɗana miya. A hannunta na fara jin cewa kalma tana da nauyi, wata ta fi wata.

To amma dokar ta ce kowane aji sai da malami mai takarda. Don haka hedimasta ya samo wata matashiya da ta gama kwalejin ilimi, za ta tsaya a gaban ajinmu na yini ɗaya. Kwana biyu muna gwaji.

"Wa ka karantar da ku?" in ji hedimasta.

Sai mu nuna baƙuwar. Wata yarinya kullum sai hannunta ya karkace ya nufi taga, inda Inna Malama ke tsaye.

"Ke mai kunnen ƙashi, taga ka karantar da ke?"

Aka yi dariya, har da Inna Malama. Da aka tashi na bi ta har ƙofar ɗakinta, na ce, "Inna Malama, ba ƙarya ba ce?"

Ta gyara mini wuyan hijabi. "Ɗiyata, alhakin a wuyana yake, ba a naku ba. Ke dai ki yi karatu da kyau, kada ki ba ni kunya."

Ranar, wurin ƙarfe goma, mota ta tsaya. Mutum uku suka fito. Babbansu dattijo ne mai tabarau, yana riƙe da fayil. Suka auna ɗakuna da taku, suka leƙa banɗaki, suka ƙirga tagogi. Ɗayansu ya jingina da ƙyaure, fenti ya kama masa riga, ya juya ya dubi hedimasta. Inna Malama kuwa tana zaune a gindin darbejiya kusa da randa, da moɗa a hannu, a matsayin mai ba yara ruwa.

Da suka shigo ajinmu, dattijon ya buɗe littafi ya miƙo mini. Na karanta. Ta taga ina ganin leɓunan Inna Malama suna motsi tare da nawa, ba ta ko kallon littafin. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Madalla," in ji shi. Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa ya koya miki karatu haka, yarinya?"

Duk 'yan ajin suka juyo suna kallona. Ina jin kukan kurciya a kan darbejiya. Na ɗaga hannu na nuna baƙuwar, wadda ko sunana ba ta sani ba. Baƙuwar ta sunkuyar da kai.

Da za su tafi, dattijon ya tsaya wurin randa ya nemi ruwa. Inna Malama ta ɗebo masa. Yana sha ya hango gidan sauro a shanye bayan ajinmu, da murhu da tukunya.

"Inna, nan kike kwana?"

"Nan nike kwana, ranka ya daɗe."

Ya rubuta wani abu a fayil ɗinsa, ya yi mata godiyar ruwa.

Washegari aka mai da bencina, muka koma kan tabarmi, Inna Malama ta koma gaban allo. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Ni ce na daina ɗaga hannu a aji, na daina bin ta ƙofar ɗaki. In ta ce in karanta sai in karanta da sauri, ban yarda mu haɗa ido ba.

Da muka dawo daga hutun ƙarshen zango, takardar rajista tana rataye a ofishin hedimasta cikin gilashi. Baƙuwar ta zama malamarmu ta dindindin. Ɗakin Inna Malama an share shi, an zuba tsofaffin littattafai da karyayyun kujeru. Aka ce ta koma Shinkafi wurin ƙanenta. Ban yi mata ban kwana ba. Shekaru da yawa nakan yi mafarkin ajin nan, ina ƙoƙarin juya hannuna wajen taga, hannun ya ƙi. Ta rasu ina aji biyu a sakandare. A lokacin hanyar Shinkafi ta riga ta lalace da 'yan bindiga, babu wanda ya je gaisuwa daga unguwarmu.

Bayan na gama jami'a na je neman takardar shaidar firamarena. Hedimasta ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ya ba ni mabuɗin kabad ya ce in duba da kaina. A can na ci karo da fayil ɗin rajistar. Masu dubawa sun gindaya sharuɗɗa biyu kafin su sa hannu: a ajiye malama mai takarda a ajinmu, kuma kada kowa ya zauna a cikin harabar makaranta. A bayan wannan akwai wata takarda mai hatimin kotu. Na karanta ta sau biyu a tsaye.

"Malam, wannan gidan na wa ne?"

"Au, ba ki sani ba? Na Inna Malama ne. Gadon mijinta. A zauren nan ta fara da yara kaɗan, ni ma ita ta ɗauke ni aiki."

Takardar ta waƙafi ce. Ta bai wa makarantar gidan gaba ɗaya, har da ɗakin da take kwana, mako guda bayan zuwan mutanen Gusau.