Yadda Aka Rage wa Rediyo Murya

Matata kitso take yi. A wurin mahaifiyarta ta koya, tun tana taka bokiti kafin hannunta ya kai kan mutum. Shagonta rumfa ce a bakin titi: madubi guda mai tsaga a gefe, benci da ni na ƙera mata, kujeru 'yan tsugunno uku, da gwangwanin da take zuba mataji da tsinke. Ni kafinta ne. Shekararmu ashirin da biyu tare, 'ya'ya huɗu.

Kowa Rediyo yake ce mata, har Fasto in ya manta. Ba laifinta ba ne kaɗai. Mace in ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin mai kitso, abin da ke cikinta zubowa yake yi. Matata kuwa ba ta da murfi. Abin da ta ji da hantsi, kafin la'asar ya kai ƙarshen layi, ya dawo da ƙafafu da wutsiya. Amma ba ta fashin sujada. Ita ce mai ɗaga waƙa a zumuntar mata, in ta buɗe murya har kwanon rufin coci yakan amsa.

Wata shekara Fasto ya kawo tsarin almajiranci: duk wadda ta daɗe cikin bangaskiya ta ɗauki mace ɗaya, su riƙa karanta Maganar Allah tare, su yi addu'a, su san zaman juna. Aka yi ta zaɓe. Da aka zo kan matata, kowace uwa ta hau gyaran ɗankwali. Sai Mama Nas ta ɗaga sandarta. Tsohuwa ce da ta yi ritaya daga asibiti, rabin yaran cocin ita ta karɓi haihuwarsu.

"Ku ba ni ita," in ji ta. "Ni kunnena ɗaya ne ke aiki, rabi kawai zan sha."

Cocin ya kwashe da dariya. Matata ta fi kowa.

Kowace Alhamis Mama Nas takan zo shago a yi mata kitso, ko da yake gashin bai fi a kama da yatsu uku ba. Suna kitso suna karatu. A mako na biyu ta kafa mata doka guda.

"'Yata, ban hana ki jin labari ba, sana'arki ce ta gaji haka. Amma duk abin da kika ji, ki fara kai wa Ubangiji kafin ki kai wa mutum."

"Shi ke nan, Mama? Wannan ai mai sauƙi ne."

Kwana uku matata ta kumbura kamar tayar da aka cika wa iska. Tana shara tana magana da tsintsiya. Na taɓa iske ta a bayan gida tana raɗa wa kaza wani abu.

Ranar Laraba da yamma muka je taron addu'a. Fasto ya ce duk mai nauyi a zuciya ya yi addu'a da murya. Sai na ji matata ta miƙe.

"Ya Uba," ta fara, "an ce in fara kawo maka, ga ni na kawo. Ka dubi baiwarka matar direba, ka san ba faɗuwa gashinta yake yi ba, man da ta saya ne ya cinye shi."

Aka ce amin a hankali. Na buɗe ido ɗaya.

"Ka kuma dubi matar tela, wadda ka ba ciki tana da shekara arba'in da huɗu, wata uku ke nan, ko mijinta bai sani ba tukuna."

Tela yana benci na gaba, idonsa a rufe, hannuwa sama. Ya ce "Amin!" da ƙarfi, don shi mutum ne mai amsa kowace addu'a. Sai maganar ta shige shi. Ya buɗe ido. "Wace matar tela?" Tela ɗaya ne a cocinmu. Ya yi tsalle ya tsallake benci, takalminsa ɗaya ya tashi sama, ya rungume mai kaɗa ganga don shi ne mafi kusa. Mata suka ɗauki guɗa. Fasto ya dafa tebur yana dariya har hawaye, ya kasa rufe taron.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Matar tela ta ja gyale ta fita.

Muna fitowa matata tana ta murna, wai ta bi doka. Mama Nas ta tare mu a bakin ƙofar coci.

"Na ce ki kai wa Ubangiji, ban ce ki haɗa da lasifika ba. Ba kurma ba ne kamar ni." Sai ta sassauta murya. "Sau uku cikin yarinyar nan yana zubewa, ni na riƙe hannunta duk ukun. Shi ya sa ta yi shiru, kada ta sa wa mijinta rai."

Ban taɓa ganin bakin matata a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta tafi gidan tela, ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "'Yar'uwa, na ci amanarki. Ki yafe mini." Matar tela ta bar ta a durƙushe har gwiwa ta yi tsami, sannan ta ce, "Tashi ki tsefe mini kai, tunda kin zo." Tun daga ranar matata ce mai raka ta awo, ita ce mai ɗebo mata ruwa. Da matar tela ta haifi 'ya mace lafiya, sai da matata ta toshe baki da ɗankwali, ta zauna a kan hannuwanta, har tela ya gama zagaya unguwa yana sanar da haihuwar da bakinsa. Ta ce mini ko naƙudar ɗanmu na fari ba ta ba ta wuya haka ba.

Ba a rana ɗaya ta canza ba. Ta sha zamewa, ta sha komawa neman gafara, har matar direba ta ce ta ajiye mata tabarmar durƙuso ta musamman. Amma a hankali mata suka gane abin da aka faɗa a rumfar nan a nan yake kwana. Yanzu za ka ga ta tsaya a tsakiyar kitso, ta dafa kan mace, su yi addu'a ƙasa-ƙasa, a ci gaba da aiki. Surutu dai yana nan. Takan yi awa guda a kan tsadar mataji.

Wanda ya sha wuya ni ne. Da yamma nakan ce, "Maman yara, yau babu wani abu?" Ta ce, "Akwai, na kai inda ya dace." Saurayin babbar 'yarmu wata biyar yana zuwa gaishe da matata a shago, ni sai ranar da iyayensa suka yi sallama na sani. Na tafi wurin Fasto da ƙara.

"Fasto, tsarkin nan ya yi yawa. Abokan aikina sun daina zama a shagona, sun ce ba ni da labari."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dā a ina kake samo labarin da kake ba su?"

Bai jira amsata ba.

"Ashe gidan rediyon ma'aikata biyu ne," in ji shi. Ya jawo takardar almajiranci ya rubuta sunana.

An haɗa ni da Baba Mai Gadi, dattijon da ba ya yin kalma goma a wuni. Asabar da ta wuce muka fara, a kan benci a ƙofar coci. Ya tambaye ni yadda nake. Na yi masa bayani tun daga ciwon bayana har rigimar maƙwabcina da surukinsa. Da na tsaya shan iska, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya laluba aljihu ya ce ya manta tabarau.

"Kai ka karanta mana, ɗana," in ji shi, "tunda bakin ya riga ya yi zafi."