Ƙasar da Ba a Haƙa Kabari

Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a unguwar Harra ta Gabas a Madina lokacin da aka zaɓe ni cikin malaman da za su raka masu bincike zuwa ƙasar ƙanƙara, can ƙarshen duniya ta kudu. Mu huɗu ne daga Madina, kuma babu wanda ya taɓa ganin ƙanƙara in ba a cikin firji ba. Wata biyu za mu yi a can, mu dawo mu koya wa ɗalibai abin da muka gani.

Duk Alhamis mukan haɗu a ɗakin sanyin wani mai dabino kusa da Uhudu. A waje rana na gasa mutane, mu kuwa muna tsakanin katan-katan na dabinon ajwa, sanye da riguna masu kauri, muna koyon rubutu da fensir cikin safar hannu, don an ce mana biro daskarewa yake yi. Mukan yanka ƙanƙara da zarto, mu auna, mu rubuta. Masu dakon dabino su leƙo su kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba. Amma gaskiya na ƙwallafa rai a kan tafiyar nan, har girman kai ya fara shigata.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana yarinya ta baro ƙasar Hausa da iyayenta, da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan kafin su iso. Tun da na yi wayo ban ga ta kwana a wajen Madina ba, don tsoron kada ajali ya riske ta a wani gari. Burinta ɗaya: a binne ta a maƙabartar Baƙi'a, kuma ni, babban ɗanta, in sa ta a kabari da hannuna.

Wata rana ina zuba mata ilimi kan shayi, na ce ai ƙasar can ko diga ba ta huda ta. Ta ajiye kofi.

"To in mutum ya mutu fa, ya waladi, ɗana? Ina ake sa shi?"

"Inna, ba mutuwa za mu je yi ba."

"Ni fa? Wata biyu. Ka san nan in an mutu ba a jiran kowa."

Na ce, "Halas, ya isa haka, Inna, lafiyarki ƙalau, sai kin binne mu duka." Na ɗauka wasa na yi. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba, ni kuma na fassara shirunta yadda ya yi mini daɗi.

Horon ƙarshe a Jidda aka sa shi, kwana uku kacal. Don gudun wata doguwar magana, sai na ce mata aikin makaranta ne zai riƙe ni, na fita ban ko nemi ta sa mini albarka ba. Wannan ƙaryar har yau tana ci mini rai.

A rana ta biyu muna koyon ɗaura igiya a ƙugu, aka ce ina da waya. Ƙanena ne. Shi da bai cika yin Hausa ba, ranar da Hausa ya faɗa mini: "Yaya, Inna ta rasu. Bayan La'asar za a yi mata salla a Harami, masallacin Annabi." An riga an yi Azahar. Na roƙe shi su jira ni zuwa Isha'i, ya ce an gama wanka, dattawa sun ce ba a ajiye gawa. Na shiga mota ina kuka kamar ƙaramin yaro, La'asar ta same ni ko rabin hanya ban yi ba.

Ban je ƙasar ƙanƙara ba. Na mayar da rigunan, wani malami ya maye gurbina.

Washegarin rasuwar, da aka buɗe Baƙi'a, ƙanena ya raka ni. Kaburburan can ba suna, ba rubutu, dutse ne kawai a kan kowanne, kuma a yammacin da aka binne ta an ƙara binne wasu a layin. Na ce ya nuna mini. Ya ɗaga hannu ya nuna wani, ya tsaya, ya matsar da hannun zuwa na kusa da shi.

"Wallahi Yaya, ɗaya daga cikin ukun nan ne."

Na durƙusa na yi wa duka ukun sallama, na nemi gafara a gaban kowanne.